Gonar Gayya Da Gonar Gida

Ga tambayar da nake so mu juya a wannan karon: macen da ta shiga ƙungiyar shirya wasan kwaikwayo na talabijin don sa kai, ba a biyanta ko sisi, sai ta ga al'amarin ya koma kara-zube, sana'ar da take ci da ita kuma tana neman durƙushewa, in ta ce ta bari, shin ta ci amana ne, ko kuwa ta yi daidai?

Kada ki ce abin bai shafe ki ba don ba kya wasan kwaikwayo. Ki cire talabijin ki sa ƙungiyar unguwa, ko kwamitin biki, ko wata hidimar jama'a, za ki ga tambayar ba ta sake ba.

Bari mu fara da yadda abin yake faruwa. Yarinya ce mai keken ɗinki, ko mai kitso da lalle, ko mai haɗa turaren wuta. Aka ce ana shirya wasa mai faɗakarwa, ana neman masu taimakawa, wata ta fito a ciki, wata ta riƙe kayan sawa, wata ta yi kwalliya. Kuɗi kuwa, wai sai an samu mai ɗaukar nauyi. Ta amsa da zuciya ɗaya. To, sai a ce kowa ya hallara ƙarfe takwas na safe, mai kamara bai iso ba sai bayan azahar. Ya iso, batir ba caji. An samo janareta, ba kuɗin mai. Jiya an ba ta takardar abin da za ta faɗa ta haddace, yau darakta ya ce an sauya labarin. Mutum uku ke ba da umarni, kowa na warware na ɗan uwansa. Magariba ta yi, ba a ɗauki ko fitowa ɗaya ba, kuɗin mota kuma daga jakarta.

Mu yi lissafi, 'yar uwa. In ana kiranta sau 3 a mako, kowace rana ta ɓata awa 7, a mako ta ba da awa 21, a mako huɗu awa 84. Mai ɗinki ta san yawan kayan da za ta kammala a awa 84, balle a ce cikin azumi ne, lokacin da kayan sallar mutane ke jibge a ɗakinta.

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Za su ce ai da sa kai aka gina wannan harka. Haka ne. Tun zamanin da gwamnatin Abubakar Rimi ta buɗe gidan talabijin na CTV a Kano a 1982, wanda yanzu ake kira ARTV, ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na matasa suke kai wasanninsu gidajen talabijin, sha'awa ce ke jan su fiye da kuɗi. Ƙungiyar Tumbin Giwa ce ta fitar da Turmin Danya a 1990, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko, kuma daga irin wannan ƙaramin tushe masana'antar da ake kira Kannywood ta tashi. Don haka sai su ce mata: ki yi haƙuri, mai haƙuri yakan dafa dutse.

Amma fa dutsen nan sai da wuta a murhu. Haƙuri da talauci daban, haƙuri da rashin tsari daban. Ƙungiyar da ba ta da kuɗi amma tana cika lokaci, ta san shugabanta, ta san ranar gamawa, wannan ta cancanci a daure mata. Wadda kuwa ko sa'ar haɗuwa ta kasa tsayarwa, ba kuɗi ne matsalarta ba, domin cika alkawarin ƙarfe takwas ba a sayensa da naira. Ko gobe aka zuba mata miliyoyi, yadda ta watsar da lokacin mutane haka za ta watsar da kuɗin.

Ki dubi aikin gayya da iyayenmu suka gada. Mai gona yakan sa rana, ya shaida wa jama'a tun da wuri, ya tanadi abinci da abin sha. A zo da hantsi a kama aiki, kafin yamma an watse, kowa ya koma gonarsa. Gayya tana da rana, tana da mai ita, tana da ƙarshe. Ba a taɓa jin manomin da ya kwashe damina guda a gonar wani ba, tasa gonar ciyawa ta cinye, sannan a yabe shi da kirki. In kaka ta yi, rumbunsa ba komai, waɗanda ya yi wa noman ba su za su ciyar da 'ya'yansa ba.

Sannan akwai wata amanar da ake mantawa da ita. Matar da ta kawo miki atamfarta, ta ba ki kafin alƙalami, kika ce mata ta dawo Alhamis, ita ma alkawari kika yi mata. Uwar adashi da ke jiran zubinki, ita ma haka. Yaran da ke jiran abin karin kumallo kuwa haƙƙinsu ya fi na kowa nauyi. Idan amana biyu suka haɗu, ba a tauna taura biyu a baki ɗaya, sai a duba wadda ta zama dole da wadda ta zama kyauta. Lokacin da kika ba ƙungiya kyauta ce, kuma kyautar jiya ba ta mayar da ke mai bashin gobe. Neman abin da za ki rufa wa kanki asiri kuwa ba son kai ba ne. Wadda ta tsaya da ƙafarta ita ce za ta iya taimakon wani.

To amma kada wata ta ɗauka na ba ta lasisin ɓacewa dare ɗaya. A'a. Alkawari kaya ne, kuma wasan kwaikwayo yana da wata larura tasa. In an riga an ɗauki fuskarki a rabin labari a matsayin uwargida, kika ɓace, sai dai a sake ɗaukar duk wuraren da kika fito da wata, ko a kashe ki a cikin labarin da ƙarfin tsiya. Wahalar mutum ashirin ta tafi a banza saboda ke. Nan kam in kika yi haka kin cuce su, komai rashin tsarinsu. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Saboda haka fita ma tana da ladabinta. Ki sami shugaban ki gaya masa baki da baki, kada ki aika, kada kuma ki kashe waya ki yi shiru. Ki faɗi dalilinki na gaskiya, ba sai kin ƙirƙiro ciwo ko kin laƙa wa maigida ko iyaye laifin hana ki ba, domin wataƙila gaskiyar ce za ta sa su gyara. Ki yanka musu wa'adi: ga ranaku biyu ko uku da zan bayar a kammala fitowata, bayan nan ba ni. In sun ɓata ranakun, alhakin ya koma kansu. Ki mayar da kayansu da ke hannunki, ki nuna wa wadda za ta gaje ki yadda aikin yake. In kin fita kuma ki kama bakinki, ban da yawo da sunansu a gidajen biki.

Saura abu ɗaya mai sosa rai. Za a ce kin cika son kuɗi, wasu ƙawayen ma za su ja baya. Zuciya kuma za ta riƙa raya miki cewa wataƙila kina fita shirin ya karɓu, waɗanda suka daure su yi suna, ke kina gida kina taka keke. Zai iya faruwa, ban ce ba zai yiwu ba. Amma hukunci ana yinsa ne da abin da ido ya gani a yau, kuma abin da kika gani shi ne watanni na jira da aljihu mai zuba. In sun dace, ki taya su murna. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama, in kina da rabo a harkar, wata rana za ki koma da ƙarfinki, a wurin da aka san darajar lokacin mutane.

Kafin ki yanke shawara, ki tambayi kanki abu uku. Shin an taɓa gyara wani abu bayan an yi ƙorafi? Shin akwai wanda zai iya gaya miki ranar da za a gama? Shin gidanki da sana'arki za su iya ɗaukar wasu watannin a haka? In amsar duka ukun a'a ce, to ki yi sallama cikin mutunci ki koma gonarki tun ciyawa ba ta rufe ta ba. Allah Ya ba mu sana'a mai albarka, Ya rufa mana asiri, amin.