Fitila ɗaya da amanar fuska

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Tun da hoto ya shigo ƙasarmu wannan karin magana ta ƙara samun gindin zama, har ta kai idan gardama ta yi tsanani, wanda ya fiddo hoto shi ke da gaskiya. Na daɗe ina cikin masu wannan ra'ayi. Abin da ya sa ni sake tunani wata ƴar fitila ce da ba ta wuce tafin hannu ba, wadda masu hoto ke kira filashi.

Da ranin shekarar 2019 aka yi bikin wata ƙanwata a Kore Mairuwa, cikin gundumar Tibiri. Da yake ni ke riƙe da kyamarar ƙungiyarmu ta raya al'adu a Dogon Dutsi, sai dangi suka ɗora mini aikin hoto. Bayan isha'i na tarar da gwaggona zaune bisa tabarma a bakin ɗakinta, na ɗora filashi a kan kyamara, na tsaya gabanta, na danna. Da na nuna mata, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce: "Ɗana, me na ɗaukar maka? Wannan ai ɓarawo ne aka haske da tocila." Mata suka kwashe da dariya, ni kuwa kunya ta rufe ni, domin gaskiya ta faɗa. Goshinta na ƙyalli, idanunta sun firfito, bayanta baƙi ƙirin. Har tsagenta na Arawa, layuka biyun nan da suka taso daga gefen baki zuwa kunne, sun kusa ɓacewa.

Daga baya na fahimci dalili. Idan haske ya fito daga wurin da idon kyamara yake, kowace inuwa tana faɗawa bayan mutum, inda kyamara ba ta gani. Inuwa kuwa ita ke nuna tudu da kwari, ita ke raba hanci da kunci. Fuskar da aka kore wa inuwa sai ta zama shafaffiya kamar faifai. Haka kuma ƙarfin haske yana raguwa da sauri: idan aka ninka nisa sau biyu, kashi ɗaya cikin huɗu kawai ke isa. Shi ya sa wanda ke gaba yake yin fari fat, waɗanda ke bayansa su nutse cikin duhu.

Maganin bai buƙaci fitila ta biyu ba. Na koyi cire filashin daga kan kyamara, in ba wani yaro ya riƙe shi a gefe, ɗan sama da kan mutum, kamar yadda hantsi ke shigowa ta taga. Na koyi juya shi ga bango domin hasken ya dawo da taushi, na kuma gano cewa bangon jar ƙasa irin namu yana mayar da haske da launinsa, sai fuska ta yi ja. Farin zane da mutum biyu suka riƙe ya fi shi. Da na koma Kore Mairuwa bayan damina, na roƙi gwaggo ta sake zama. A wannan karo tsagen sun fito, tamojin shekaru sun fito, rabin fuskar na cikin haske, rabi cikin inuwa mai laushi. Ta ce: "Yauwa, yanzu ka ga uwarka."

To, a nan tambayar take. Hotunan biyu duk na mace ɗaya ne, a ƙofa ɗaya, da fitila ɗaya. Kyamara ba ta ƙara kome ba, ba ta rage kome ba. Amma ɗaya ya mai da ita abin tuhuma, ɗaya ya mayar mata da mutuncinta. Bambancin duka yana hannun wanda ya zaɓi inda haske zai tsaya. Ashe kafin hoto ya zama shaida, wani ya riga ya yanke hukunci a kan abin da za a gani. Wanda ke riƙe da fitila amana ce a hannunsa, kuma za a iya cin ta ba tare da an furta ƙarya ko ɗaya ba.

Tarihin hoto cike yake da misalai. A Afirka ta Kudu, zamanin wariyar launin fata, da kayan kamfanin Polaroid aka riƙa ɗaukar hotunan takardun izinin yawo da aka tilasta wa baƙar fata, har ma'aikatan kamfanin baƙaƙe a Amurka suka tayar da ƙayar baya a 1970, kamfanin ya janye daga ƙasar a 1977. A can fuska ta zama lamba a hannun ɗan sanda. A Bamako kuwa, cikin shekarun 1960, Malick Sidibe yana yawo da filashi wuraren rawar matasa da dare, su ke gayyatar sa, kashegari su zo shagonsa su zaɓi hotunan da suke so. Haskensa sau da yawa daga gaba yake, amma fuskokin a sake suke, don masu su sun yarda. Wannan ya nuna cewa matsayin fitila rabin magana ne, sauran rabin yana ga yardar wanda aka haska.

Mai karatu zai iya cewa: Malam, wannan ai kwalliya kake koyarwa, gaskiya ba ta jin kunyar haske. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan suka. A 1890 Jacob Riis ya fitar da littafin hotunan unguwannin matalauta na birnin New York. Da garin walƙiya ya riƙa afka wa ɗakunan da mutane ke kwance jibge cikin dare, kuma hotunan sun taimaka wajen gyaran gidajen talakawa. Akwai duhun da sai an keta shi: wanda ya karkatar da hatsin agaji ba shi da haƙƙin a tausasa masa haske. Sai dai mu lura, waɗanda Riis ya firgita daga barci ba su ne masu laifi ba, masu gidajen hayar kuwa suna can suna barcinsu lafiya. Sau da yawa haske mai zafi a kan mara ƙarfi yake sauka, domin shi ne ba shi da ƙyauren rufewa.

A ɗaya gefen kuma akwai ƙarya ta zahiri. Wayoyin yau suna goge tamoji, su haskaka fata, har amarya ta kasa gane kanta. Wannan ya fita daga sutura. Sutura tana barin abin da yake nan, ta ba shi matsayinsa. Ƙarya tana kawar da shi. Ma'aunin da na riƙe shi ne: mai fuska ya gane kansa ba tare da jin kunya ba, maƙwabtansa kuma su gane shi ba tare da sun yi dariya ba.

Mu malamai ma fitila ɗaya muke riƙewa a aji. Mu ɗauki Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda mutanenta suka tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986 sun haska ta ta gefen jarumtaka, har fuskar da mutane da yawa ke gani idan an ambace ta ita ce ta Aï Keïta, ƴar wasan Burkina Faso. Gefen ya cancanci haske. Amma a Lugu sarautar Sarauniya ta addinin Azna ce, ta kula da ƙasa da tsafinta, kuma wannan gefen yakan zauna cikin inuwa a darussanmu. Ba a zargin malami don ya zaɓi gefe, tun da sa'a guda ba ta ɗaukar kome da kome. Abin zargi shi ne ya bar ɗalibai su zaci babu wani gefen.

Ƙungiyoyinmu da ke yawon tattara hotunan dattawa, daga Matankari zuwa Tibiri, aikin alheri suke yi, domin tsagen Arawa kansa yana tafiya tare da masu shi. Roƙona gare su guda uku ne: a nemi izini kafin a danna, a nuna wa mai fuska abin da aka ɗauka, a kuma mayar masa da hotonsa a takarda. Labarin zuciya, in ji magabata, a tambayi fuska. Wanda zai tambaya kuwa, da sallama ya kamata ya shiga.

Hoton gwaggo na biyu yana rataye a ɗakinta, saman jeren kwanoni. Na farkon, ita ta sa na goge shi a gabanta tun daren bikin, kuma na goge.