Fentin Mai Ko Na Ruwa: Me Muke Rufewa?

Damina ta ɗauke, an shiga shafe ɗakuna, kuma kullum bayan la'asar sai mun ji ana gardama a ƙofar masallaci: fentin mai ya fi ko na ruwa?

Masu sana'ar sun ce kowane da wurinsa. Na mai yana sheƙi, yana wankuwa, shi ya dace da kicin da ƙofofi da ƙasan bango inda yara ke dafawa. Amma fa yana toshe bango. In akwai danshi a ciki ba ya samun hanyar fita, sai fentin ya kumbura ya ɓare. Na ruwa ba ya sheƙi, ya fi araha, yana saurin datti, sai dai yana barin bango ya sha iska.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne ƙarar da aka kawo wa kwamiti a makon jiya. Wani ɗan'uwa ya ba baƙo hayar ɗakin da ya san bangonsa na tsattsafo, bayan ya lafta masa fentin mai har shafi biyu. Baƙon ya ga sheƙi, ya biya kuɗin shekara, ya jibge atamfofin da yake kaiwa Kamaru. Kafin ƙarshen Agusta rabinsu sun yi fumfuna. Mai ɗakin ya ce, "Ai ban yi masa ƙarya ba, bai tambaya ba."

To, shirun nan ba yaudara ba ne? Mun san labarin mai sayar da abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa, Annabi (SAW) ya sa hannu ya taɓo danshin, ya hana. Bambancinsu da namu kawai buroshi ne.

Ba mu ce ado laifi ne ba. Da muka dawo Mubi bayan gudun 2014, da fenti muka rufe baƙin hayaƙi, kuma ya sanyaya mana zuciya. Wannan gyara ne, domin kowa ya san abin da ke ƙarƙashi. Laifin yana wajen rufe aibi ga wanda zai biya kuɗinsa.

Yawancinmu baƙi ne, daga Kano, Katsina, Sakkwato. Jarinmu a garin nan amana ce. Wanda bangonsa ke jiƙa ya gyara tukun, ya bari ya bushe. In babu hali, ya kama hannun ɗan haya ya ɗora masa a wurin kafin a yi ciniki.

Allah Ya sa mu gyara. Juma'a mai albarka.

Sakataren Masallaci