Shaidar Kunne da Hukuncin Hankali a Kan Igiyar Intanet

A cikin ma'abota sauraron kiɗa a Turai da Amurka da Japan akwai wata jama'a da ta ɗauki tsabtar sauti abin nema da gaske, har mutum ya keɓe ɗaki guda a gidansa, ya shimfiɗa darduma mai kauri domin kada amo ya riƙa kai da komowa, ya auna tazarar da ke tsakanin kujerarsa da lasifikokinsa biyu; kuma a tsakanin waɗannan mutane wata mas'ala ta taso tun lokacin da aka fara jawo kiɗa daga intanet maimakon faifai, wato ko igiyar da ke haɗa na'urar intanet ta gida da akwatin kiɗa tana da tasiri a kan sautin da ke isa kunne. Wasunsu suna rantsuwa cewa da suka sa igiya mai tsada sai murya ta ƙara fitowa sarai, ganga ta ƙara nauyi. Masana injiniya kuwa suka ce wannan muhal ne. Mas'alar ƙarama ce a ido, amma a ƙarƙashinta akwai tsohuwar tambayar malaman kalami: idan gaɓɓan ji suka yi shaida, hankali kuma ya musanta, wa za a bi?

Wajibi ne mu fara sanin abin da ke tafiya a cikin igiyar. Tsarin da igiyar ke aiki da shi, wanda ake kira Ethernet, Robert Metcalfe da abokan aikinsa suka ƙago shi a kamfanin Xerox a Kalifoniya a 1973. Idan ka fere bawon igiyar za ka tarar da silin jan ƙarfe guda takwas, an murɗe su biyu-biyu, kowace tagwaye da launinta, lemo da kore da shuɗi da ruwan ƙasa. Abin da ke bin waɗannan silin lambobi ne zalla, sifili da ɗaya. An riga an auna sautin sau 44,100 a kowace daƙiƙa, idan irin na faifan CD ne, an mai da kowane awo jerin sifili da ɗaya, jimillarsu ba ta kai lamba miliyan ɗaya da rabi a daƙiƙa ba, alhali igiyar kasuwa ta yau da kullum tana ɗaukar miliyan 1,000 a daƙiƙa har tsawon mita 100. Lambobin nan kuma ƙunshi-ƙunshi ake aika su, kowane ƙunshi da hatimin lissafinsa a ƙarshe, kamar yadda magabata idan sun kwafi littafi suke yin muƙabala da asali kafin su amince da shi; ƙunshin da bai dace da hatiminsa ba sai a yar da shi, a nemi a sake aiko wani. Wanda ya tsira sai a tara shi a ma'ajiyar akwatin, daga nan agogon akwatin da kansa yake fitar da shi a kan ƙa'ida. Duk mai shakka ya zare igiyar ana tsakiyar waƙa, galibi zai ji waƙar ta ci gaba na ɗan lokaci ba tare da ta sauya ba, domin abin da yake ji ya riga ya iso tun ɗazu.

Adalci ya sa a ambaci abin da masu da'awar suke da shi na gaskiya. Igiya ƙarfe ce, ƙarfe kuwa yana iya ɗauko hayaniyar lantarki. Shi ya sa aka sanya ƙaramar taransifoma a bakin kowace kafar Ethernet domin ta raba na'urorin biyu, kuma igiya mai rigar ƙarfe tana iya sake haɗa abin da aka raba, har a ji ɗan gunji a akwatin da ba a ƙera shi da kyau ba. Sai dai wannan aibi ne da ake aunawa, maganinsa kuma igiya ce mai araha marar riga. Igiyar da ta lalace kuwa tana sa waƙa ta yanke ko ta tsaya cik.

To, me za a ce da mutumin kirki da ya ce ya ji bambanci? Ni ban tuhume shi da ƙarya ba ko kaɗan, kuma ina ƙyamar izgilin da ake yi masa. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi bayani a littafinsa Almunƙizu minal Dalal yadda ido ke ganin inuwa a tsaye alhali tana tafiya, yake ganin tauraro ɗan ƙarami alhali lissafi ya nuna ya fi duniya girma. Kunne bai fi ido tsira ba. A 1976 Harry McGurk da John MacDonald suka nuna a Ingila cewa idan aka sa wa mutum sautin "ba" yana kallon leɓɓan da ke furta "ga", sau da yawa "da" zai ji; ashe ji ba aikin kunne kaɗai ba ne, abin da ido ya gani da abin da zuciya ke tsammani duk suna shiga ciki. Wanda ya biya kuɗi mai yawa, ya durƙusa ya sauya igiya, ya dawo ya zauna ya tattara hankalinsa wuri guda, lalle zai ji abin da bai ji ba jiya, domin jiya bai saurara haka ba. Shi ya sa masu bincike suke ɓoye wa mai sauraro wace igiya aka sa. An yi irin wannan gwaji a Las Vegas a 2015, inda mujallar Ars Technica ta gwama igiyar dala 340 da wata ta 'yan daloli kaɗan, masu sauraro suka kasa rarrabe su a kan tabbas.

Hukuncina shi ne a raba magana biyu da ake cakuɗawa. Wanda ya ce "na ji daɗi" ya ba da labarin halin ransa, kuma babu mai ikon ƙaryata shi. Wanda ya ce "igiyar ce sababi" ya yi da'awa a kan abin da ke wajen ransa, ƙa'idar malaman fiƙihu kuwa ita ce mai da'awa ake nema wa hujja, hujjar nan kuma mai sauƙi ce, ya gane igiyarsa ba tare da ya gan ta ba, sau da yawa a jere. Nauyin ya fi tsanani a kan mai sayarwa, musamman wanda ya zana kibiya a jikin igiya yana cewa ta wannan fuska sauti ya fi kyau, alhali saƙo a cikinta ta fuskoki biyu yake tafiya. Sayar da kaya da siffar da ba a tabbatar ba ya yi kusa da tadlisi, wato yaudara a ciniki, ko da mai sayen ya tafi yana murna. Kai kuwa mai karatu, idan kana da abin kashewa, ka kashe shi a kan lasifika da gyaran ɗaki, ka sayi igiya mai inganci a kan farashinta na kasuwa, ta wadatar.