Ɗana, Ka Riƙa Fita Daga Ofis

Ɗana, labarin ƙarin girman da aka yi maka a jami'a ya iso mu, Allah ya sanya alheri. Sai dai mahaifiyarka ta ce rabonka da taka gonar gidanku har ta manta, kai da ake biyanka albashi don nazarin ƙasar noma. Tunda ni baffanka ne, idan na yi shiru babu mai gaya maka.

Na san tsarin aikinku, ba a ɗaga malami sai ya buga takardu a mujallu, kuma ban raina wannan ba. Amma takardar da ka rubuta da Turanci kan gajiyar ƙasa, wane manomi ne a ƙauyenmu ya ji abin da ke cikinta? Ka zo ka ɗebi ƙasar gonakinsu a leda, ka cika takardun tambayoyi, ka tafi. Har yau suna jiran ka dawo ka ce musu ga abin da aka gani. Wannan amana ce ka ɗauka, ɗana, kuma ba ka sauke ba.

Magabatanka ba haka suka yi ba. Tun 1922 ake binciken noma a Samaru, kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 cibiyar ta koma ƙarƙashinta. Daga can irin masarar SAMMAZ da waken SAMPEA suka fito. A 2019 aka saki SAMPEA 20-T, wanda tsutsar da ke huda kwanson wake ba ta cin galaba a kansa, sai manomi ya rage feshi, ya rage kashe kuɗi da shaƙar guba. Irin ya kai ga mutane ne domin akwai malaman gona da shirye-shiryen rediyo cikin harshen da manomi ke ji.

Kuma kada ka je musu da shirin koyarwa kaɗai. Dubi abin da ya faru a jihar Maraɗi. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 an yi ta dasa itatuwa suna mutuwa. Wajen 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ake sassabewa duk shekara saiwarsu tana raye. Manoma suka fara barin tsiro ɗaya ko biyu masu ƙarfi, suna datse sauran. Wannan sassabin zamani ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, ba da gandun raino ba, ba da ban-ruwa ba. Manoman ne suka san gawo yana kaɗe ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, kuma ƙarƙashinsa ne amfani ya fi kyau. Masu bincike daga baya suka zo suka auna, suka rubuta. Aikinka ke nan, ka auna abin da tsofaffi suka sani, ka tabbatar da na tabbatarwa, ka gyara na gyarawa, sannan ka mayar musu.

Abin da ya fi damuna shi ne itacen girki. Kana ganin buhunan gawayi jere a bakin hanya, kowane buhu itace ne da ya faɗi. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, tun 1982 take aiki kan murhu mai tsimin itace da na'urar busar da amfanin gona da rana. To me ya sa ƙannenka mata har yau a kan duwatsu uku suke girki, hayaƙi na cin idonsu? Domin babu wanda ya zauna da maƙera da masu ginin tukwane ya koya musu yin murhun da kuɗin da talaka zai iya. Ɗalibi ɗaya mai himma zai iya ɗaukar wannan a matsayin aikin kammala karatunsa.

Ka kuma duba harabar da kake aiki. Gwamnatin Tarayya ta kafa wa Jami'ar Bayero tashar lantarki mai haɗa hasken rana, mai ƙarfin megawat 7.1, a 2019. Kai ba ka da ikon kafa tasha, amma kana da ikon hana ƙona shara bayan ɗakunan kwanan ɗalibai, kana da ikon sa kowane aji ya riƙe itatuwan da ya dasa har ya gama karatu. Yara sun fi ɗaukar abin da suka ga malaminsu yana yi.

Don haka kafin ruwan shuka ya sauka, ka zo da ɗalibanka da sakamakon gwajin ƙasar nan, ka shirya bayaninsa da Hausa. Zan yi wa dagaci magana a tara manoma bayan sallar Juma'a, matan gida kuma a ware musu nasu zaman. Ka gai da mai ɗakinka da yara.