Nasiha Ga 'Ya'yanmu Masu Kaki a Paraku da Jugu

Ɗana, 'yata, ku da kuke aikin ɗan sanda a Paraku da Jugu, ku ba ni aron kunnuwanku. Kafin a ba ku kaki sai da aka gwada ƙarfinku, likita ya duba lafiyarku. To, jikin da ya ci wancan gwaji ba zai raka ku har ritaya ba sai kun yi masa hidima.

Tun ranar 1 ga Janairun 2018, da gwamnatin shugaban ƙasa Patrice Talon ta haɗe 'yan sanda da jandarmomi suka zama runduna ɗaya, tsaron birni da na ƙauye duk ya hau wuyanku. Yau kana cikin cunkoson kasuwar Arzeke, gobe kana tsaye a hanyar Jugu ƙurar hunturu na dukanka, jibi a tura ka yankin Alibori ko Atakora, inda 'yan bindiga ke kai hare-hare tun ƙarshen 2021. A can babu mai tambayar shekarunka kafin gudu ya kama.

Ɗana, shekaru ba sa sallama. Da mutum ya haura 30, idan ba ya motsa jiki, ƙarfin zuciya da huhunsa yakan ragu da kusan kashi 10 cikin 100 duk shekara goma, tsoka kuma ta riƙa zubewa da kashi 3 zuwa 8. Sannan girma da kujera yake zuwa. An ƙara maka igiya, an ba ka ofis da mota, amma malmalar sakwara tana nan yadda take. Sai tumbi ya fito, hawan jini da ciwon suga su biyo baya a ɓoye. Wani bincike da masanan Jami'ar Harvard suka fitar a 2014 kan 'yan sandan Amurka ya nuna haɗarin mutuwar farat ɗaya ta ciwon zuciya yana ninkuwa fiye da sau 30 a lokacin kokawa da mai laifi ko bin sa a guje. Zuciyar da ta shekara goma a zaune, ranar da aka ce ta tashi ba shiri, ita ce ke kayar da mai ita.

Ke kuma 'yata, ki san halittarki, kada ki ji kunyarta. Galibi ƙarfin hannu da kafaɗar mace bai kai na namiji ba, kuma haila da haihuwa sukan jawo ƙarancin jini, wanda ke sa haki da wuri. Shi ya sa rundunoni da dama suke bambanta ma'aunin gwaji bisa jinsi da shekaru. Amma macen da ta riƙe atisaye tana barin namijin da ya saki jiki a baya. Ki ƙarfafa hannuwanki, ki ci hanta da wake da zogale, bayan haihuwa ki dawo a hankali da shawarar likita. Kai kuma abokin aikinta, kada ka raina ta. Ita ke binciken mata a shinge, ita yarinyar da aka zalunta ke iya buɗe wa ciki.

Abin da ake nema bai fi ƙarfinku ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Ku fita bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi, da azumi kuma bayan buɗa-baki. Kewayen ƙugu kada ya kai rabin tsawonku. Wanda ya wuce 40 ya riƙa auna jininsa ko da yana jin garau. Ku nisanci tiramadol: ƙarfin aro ne, da lafiya ake biyansa. Kai kuma mai gidan komisariya, ka shiga sahun gaba, domin yaranka ƙafarka suke kallo.

Ƙarfin jiki amana ce. An ba ku shi don kare ɗan kasuwa da matafiyi, ba don marin talaka ba, kuma za a tambaye ku yadda kuka yi da shi. Allah ya ƙara muku lafiya, ya mai da ku ga iyalanku da ƙafafunku.