Bashin Barci

Akwai wani direba da ke ɗaukar tumatir daga Kadawa zuwa kasuwar Mile 12 a Legas. Tumatir kuwa ba ya jiran kowa. Da an ƙara kwana ɗaya a hanya, sai kwanduna su fara tsiyaya, fatake su fara ɓata rai. Da can goro da shayi ne abokan tafiyarsa, in barci ya matsa ya faka a Mokwa ya ɗan runtsa.

Wata rana a tasha aka nuna masa wani abu fari kamar fasasshen gilashi, wai shi ais. Ya gwada. Ya yi Legas ya dawo bai runtsa ba, bai ji yunwa ba. Fatake suka riƙa rububinsa, shi kuma yana cewa ya kashe barci.

Yaron motarsa ne ya fara lura. Maigida ya rame, yana ta cizon haƙora, yana soshe-soshe har fata ta yi gyambo. Da dare sai ya ce akwai masu bin su a baya, alhali titi wayam.

"Maigida, don Allah mu tsaya ka kwanta."

"Kai ma da su aka haɗa baki, ko?"

Yaro ya ja bakinsa ya yi shiru. Wa zai ja da mai ba shi na abinci?

Suna dab da gadar Jebba, bayan kwana uku ba barci, bakin direban ya karkace, hannunsa na dama ya saki sitiyari. Allah Ya taƙaita, motar na tafiya a hankali, ta gangara gefen titi ta tsaya.

A asibiti likita ya ce jijiyar jini ce ta fashe a ƙwaƙwalwarsa. Ais, wato metamfetamin, ba ganye ba ne, haɗa shi ake da sinadarai. A Legas ne hukumar NDLEA ta fara bankaɗo inda ake dafa shi a 2011.

"Malam, ba ƙarfi ya ba ka ba," in ji likitan. "Naka na gobe ya ranto maka. Zuciya na gudu, jini na hawa, gajiyar tana nan, kai ne ba ka jin ta."

Shekarunsa 38. Yau matarsa ce ke ba shi abinci a baki. Motar tana nan tana zuwa Legas, wani ne ke jan ta.