Ɓarawon Yaro Ba Ya Zuwa Da Sanda

Karatu: Farawa 37, Fitowa 21:16, Matta 18:6

Ya ku 'yan'uwa ƙaunatattu na ekklesiyoyin Ikara da Makarfi da Kudan,

Akwai wani ɗan littafi mai ban tausayi, sunansa Shaihu Umar. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya rubuta shi sa'ad da yana malamin makaranta a Bauchi, ofishin talifi na Zariya kuwa ya fito da shi a 1934. Shi ne ya zama Firayim Minista a 1957. Labarin ya shafe mu, gama sunan Makarfi yana ciki.

Umar maraya ne a Kagara. Uwarsa ta auri wani bafade, Makau. Fadawa suka yi masa hassada, suka kai ƙarya wurin sarki cewa ya ɓoye bayi daga cikin ganima. Aka kore shi, ya zo ya zauna a Makarfi. Uwar ta tafi Fatika ganin iyayenta, ta bar yaron a hannun ƙawarta. Sai wani mutum ya yaudare shi, ya sace shi. Uwar ta fita nemansa, ita ma aka ruɗe ta da alkawari, aka sayar da ita. Ba su sake ganin juna ba sai a ƙetaren Sahara bayan shekaru da yawa, ba ta kuwa daɗe ba ta rasu.

Abu biyu nake so mu lura da su.

Na fari, ba ɓarawon ne ya fara raba gidan nan ba. Harshen maƙwabta ne. Da ba a kori Makau ba, da yaron yana gindin iyayensa. Haka ya faru ga Yusufu. Hassada ta riga Isma'ilawa isowa. 'Yan'uwansa suka karɓi azurfa ashirin, suka tsoma rigarsa cikin jinin akuya, Yakubu ya yi ta kuka. Kai mai kai tsegumi tsakanin miji da mata, ka san yaran da kake buɗe wa kura ƙofarsu?

Na biyu, ɓarawon yaro ba ya zuwa da sanda. Da fara'a yake zuwa, da daɗin baki, wataƙila da ɗan guntun mazarƙwaila a hannu. Yaro ba shi da garkuwa sai yarda, da ita kuwa ake kama shi. Domin wannan Shari'ar Musa ta yanke wa mai satar mutum hukuncin kisa, Ubangijinmu kuma ya ce gara dutsen niƙa a wuya da zurfin teku, da a sa ƙaramin yaro tuntuɓe.

Kada mu ce wannan labarin zamanin bauta ne. Doka ta kashe bauta a Arewa tun 1936, amma ba ta kashe kwaɗayi ba. A 2019 'yan sanda suka gano yara tara da aka sace daga Kano aka sayar a Anacha, an sake masu suna. Ko ɗan wane ne, ko na masallaci ko na majami'a, hawayen uwarsa ɗaya ne a gaban Allah.

Mu duba gidajenmu kuma. Wata mata takan zo ƙauye da zane mai kyau, ta ce a ba ta yarinya ta kai ta aikatau a Zariya ko Kaduna, za a sa ta makaranta. Uba ya karɓi kuɗin wata uku, bai tambayi sunan unguwa ba. Ɗan'uwana, in ba ka san ƙofar gidan da 'yarka take kwana ba, me ya raba ka da 'ya'yan Yakubu?

Saboda haka ina roƙon dattawan kowace ekklesiya su rubuta sunayen yaranmu da ke hannun wasu. Kafin a gama yankan rake, a aiki mutum ya gan su ido da ido. Zumuntar mata kuma su taimaki gwauruwa, kada talauci ya sa ta miƙa ɗanta ga baƙo.

Allah ya juya muguntar 'yan'uwan Yusufu ta zama ceto, amma wannan bai wanke hannuwansu ba. Ubangiji, Makiyayi Mai Kyau, ya tsare ƙananan tumakinsa, ya komo da waɗanda suka ɓace. Amin.